Wa Ke Biyan Kuɗin Mafaka? Ƙananan Hukumomi da Matsugunan Jama'a a Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake samar da kuɗin matsugunan jama'a da yadda ake tafiyar da su a ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara. Ta dogara ga Tsarin Mulkin 1999, da dokokin rabon kuɗin tarayya, da rahotannin hukumomin agaji, da abin da ke bayyane a garuruwan uku. Hujjarta ita ce, doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin gidajen marasa galihu, amma kuɗi da iko suna hannun jiha da tarayya. Saboda haka nauyin ya gangaro kan magidanta masu saukar da baƙi, da 'yan firamaren da ake kwana a azuzuwansu, da matan da suka yi gudun hijira. Maƙalar ta fifita a amince da matsugunan da ake da su a ƙasa, a ba su gurbi a kasafin kuɗi, a kan gina manyan sansanoni.

Gabatarwa



A watan Yunin 2013 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Kizara a ƙasar Tsafe, suka kashe mutum 48. A Afrilun 2014 aka yi ta'asar 'Yar Galadima a ƙasar Maru, inda fiye da mutum ɗari suka rasa rayukansu. A lokacin an ɗauki waɗannan a matsayin masifun da za su zo su wuce. Ba su wuce ba. Fiye da shekara goma ke nan mutanen karkarar Zamfara suna ɗaure ƙunshinsu suna nufar garuruwan da ke bakin kwalta, kuma ƙididdigar hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nuna cewa 'yan gudun hijira a jihar sun haura 100,000, mafi yawansu kuma ba a sansani suke ba, a cikin gari suke tare da jama'a.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan abin da ya kore su. Tambayar wannan maƙala ta fi wannan ƙanƙanta, amma tana da nauyi: idan mace ta iso Tsafe da almuru, goye da yaro, tana jan wasu uku, ina take kwana, wa ya buɗe mata ƙofar, kuma daga aljihun wa aka biya? Da «matsugunan jama'a» ina nufin duk wurin da marar wurin kwana ke fakewa: na 'yan gudun hijira, da gidan marayu, da gidan gajiyayyu, da rumfunan tasha da na kasuwa, har da zauren mai unguwa.

Masauki kafin ƙaramar hukuma

Ƙasar Hausa ba ta jira gwamnati ta koya mata saukar da baƙo ba. Zaure, ban da zaman hira da ɗaukar karatu, makwancin baƙo ne. Fatake suna da zango, 'yan kasuwa suna da fatoma, almajiri yana da tsangaya, kuma baƙon da bai san kowa ba ana kai shi wurin mai unguwa ko sarkin baƙi. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, garin ya cika da baƙi masu cinikin gyaɗa da auduga, wannan tsari ne ya ɗauke su. A zamanin En'e kuma baitulmali yana cika ne da haraji da jangalin da aka tara a ƙasar, saboda haka hukumar da ke ganin baƙo ita ce ke riƙe da jakar kuɗi. Ba yabon En'e nake yi ba, an san zaluncin da ke cikin tara wannan haraji. Abin lura kawai shi ne kusancin ido da aljihu.

Amma tsarin gargajiya an gina shi ne a kan baƙon da zai kwana biyu ya wuce. «Baƙonka Annabinka» karin magana ce da ta dace da mai fatauci ko matafiyi. Ba a shirya zaure don ɗaukar ƙauye sukutum na tsawon shekara uku ba.

Abin da doka ta ce

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tabbatar da su a sashe na 7. Jadawali na Huɗu ya jera ayyukansu, a ciki har da kafa maƙabartu da gidajen marasa galihu da gajiyayyu da kula da su. Ya kuma ba su kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bandakunan jama'a, ya sa su cikin sha'anin ilimin firamare da kiwon lafiya. Idan aka duba da kyau, duk wurin da ɗan gudun hijira ke fara fakewa, wato makarantar firamare, rumfar kasuwa, tasha, ƙaramin asibiti, wuri ne da doka ta danƙa wa ƙaramar hukuma ko ta sa ta a cikin kula da shi.

Sashe na 16 ya ambaci samar wa 'yan ƙasa muhalli mai dacewa a cikin manufofin gwamnati, sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai dai waɗannan suna cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Mutumin Mada da ke kwana a kango a Gusau ba shi da kotun da zai kai ƙara a ba shi rufin kwana.

A saman wannan akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, ZEMA. Tsarin ba da agajin gaggawa na ƙasa ya tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitinta na agaji, amma a yawancin ƙasar nan wannan kwamiti ko dai babu shi, ko yana nan ba kuɗi. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka a kan 'yan gudun hijirar cikin gida a 2012, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa a kansu a 2021. Manufa ce mai kyau a rubuce, amma ba ta zo da asusun da shugaban ƙaramar hukumar Bungudu zai ciri kuɗi ya haƙa masai ba.

Hanyar da kuɗin ke bi

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Daga Asusun Tarayya, gwamnatin tarayya na karɓar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Daga harajin kayan masarufi, ƙananan hukumomi na da kashi 35. Idan aka zo raba kasonsu na Asusun Tarayya a tsakaninsu, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da ma'aunin ci gaban jama'a da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Yawan jama'ar da ake nufi ya samo asali ne daga ƙidayar 2006, wadda ta ba Gusau kimanin mutum 383,000, Tsafe 266,000, Bungudu 258,000.

Matsala ta farko ke nan. An yi wannan ƙidaya tun kafin rikicin ya soma. Mutumin da ya baro ƙauyensa a ƙasar Maru ko Maradun ya tare a Gusau, a lissafin Abuja har yanzu yana can inda ya baro. Ruwan da yake sha da azuzuwan da 'ya'yansa suka cika da kabarin da za a haƙa in ya rasu, duk a kan Gusau suke, amma kason kansa yana tafiya wata ƙaramar hukuma. Kuɗi na bin asalin mutum, nauyi na bin makwancinsa.

Matsala ta biyu ita ce asusun haɗin gwiwa. Sashe na 162 ya tanadi cewa kason ƙananan hukumomi ya shiga asusun da jiha ke riƙewa, daga nan a raba musu. Kafin kuɗin su isa sakatariyar Tsafe, an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horar da ma'aikata, da na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda jiha ke zaɓa ƙaramar hukuma ta biya. A jihar da ke fama da yaƙi kamar Zamfara, ga kuma hidimar tsaro. Abin da ya rage bayan albashin ma'aikatan sakatariya ba ya isa a tsara wani abu mai ɗorewa. Akwai dokar da ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, amma sanannen abu ne jihohi ƙalilan ke cika ta. A 2019 hukumar NFIU, mai sa ido kan hada-hadar kuɗi, ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, don ta toshe kafar wawure su, gwamnoni suka yi mata ca.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba shugabannin da ba zaɓaɓɓu ba. Zamfara ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 14 a watan Nuwamba na wannan shekara. Hukunci ne mai muhimmanci, ko da yake an shiga 2025 ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Amma ina so in ja hankali ga wani abu: ko da kowane kwabo ya shigo sakatariya kai tsaye, babu abin da ya wajabta wa shugaba ya kashe shi a kan masu kwana a firamare. Da yawansu ba a mazaɓar suka yi rajistar zaɓe ba, ba su da kansila, ba su da wanda zai tsaya musu a zaman kasafi. 'Yancin kuɗi sharaɗi ne, amma shi kaɗai ba zai shimfiɗa wa kowa tabarma ba.

Matsala ta uku kuɗin shiga na cikin gida. Ƙaramar hukuma a karkara tana samun 'yan kuɗinta ne daga kasuwa da kara da tasha. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai. Ko me mutum zai ce a kan amfanin matakin ta fuskar tsaro, ya tsayar da tikitin kasuwa a daidai lokacin da mutane ke tururuwa zuwa garuruwa. Rikicin da ke ƙara yawan masu neman mafaka shi ne dai yake busar da kuɗin da za a ba su mafakar.

Akwai kuma asusun kula da muhalli, wanda ƙananan hukumomi ke da kasonsu a ciki, daga kason tarayya na wannan asusu ne ma NEMA ke samun wani ɓangare na kuɗinta. Shi ne kuɗin da ya fi kusa da a kira shi na bala'i. Da ambaliya ta ci garin Gummi a daminar 2024, jama'a makarantu suka nufa, kamar yadda masu gudun bindiga ke yi.

Garuruwa uku, nauyi iri uku

Tsafe tana kan hanyar Funtua, kuma dazuzzukan da ke kewaye da ita sun haɗe da na ƙasar Faskari a Jihar Katsina. Mutanen ɓangaren 'Yankuzo da Keta da Bilbis da Magazu da 'Yandoton Daji, idan abu ya ɓaci, Tsafe suke fara isa. Gudun hijirar nan sau da yawa ba tafiya ce ta dindindin ba. Mata da yara su kwana a gari, maza su lallaɓa gona da safe in an sami sarari. Wani ƙauyen ya tashi, bayan an yi sulhu ko an biya kuɗin da 'yan bindiga suka aza, ya koma, bayan wata biyu ya sake tashi. Abin da Tsafe ke bukata shi ne masaukin da zai iya buɗewa cikin dare ɗaya, ya ɗauki ɗaruruwa, ya kuma rufe in sun koma. Tsarin kwangila, da ke ɗaukar watanni kafin a sa hannu, bai dace da irin wannan bukata ba.

Bungudu tana kan hanyar Sakkwato, kusa da babban birni, ƙasarta kuma ta zagayo har Kwatarkwashi a kan hanyar Funtua. Wannan kusanci ya sa ta zama mashiga. Wasu sun tsaya wurin dangi a Bungudu ko Nahuce ko Kwatarkwashi don su kasance kusa da gonakinsu, wasu sun zarce Gusau. Unguwannin bakin birni da ke ta faɗaɗa sun ratsa iyakar ƙananan hukumomin biyu, har a rasa wanda zai ce shi ke da alhakin rijiya ko shara a can.

Gusau ita ce matattara. Wanda ya yanke ƙauna daga komawa gida nan yake zuwa. Za a same su a kangaye, da gine-ginen gwamnati da aka yi watsi da su, da shagunan da ba a gama ba, da gidajen da mai su ya ce a zauna a yi gadi har ya tashi ci gaba da gini. Da safe matan su fantsama cikin gari, wasu aikatau, wasu surfe da wankau, wasu bara a bakin masallatai da mahaɗar tituna. A Gusau kuma ƙaramar hukuma tana zaune ne a inuwar gwamnatin jiha. Ma'aikatu da ZEMA da ƙungiyoyin agaji duk suna nan, har ta kai shugaban ƙaramar hukuma ya zama ɗan rakiya a wajen rabon kayan da ake yi a ƙasarsa.

Abin da ya haɗa wuraren uku shi ne, galibin matsugunan ba hukuma ce ta kafa su ba, kuma ba su cikin kundinta. Gwamnatoci suna ƙyamar a ce akwai sansani a ƙasarsu, wani ɓangare saboda suna, wani ɓangare saboda tsoron cewa in aka buɗe sansani da abinci, ƙauyuka za su watse su bar wa 'yan bindiga ƙasa. Tsoron nan ba na banza ba ne, ina ganin ya cancanci a saurare shi. Amma sakamakonsa shi ne, wurin da hukuma ba ta amince akwai shi ba, ba za a ware masa kuɗi ba, ba za a tura masa malamin tsafta ba, ba za a naɗa wanda za a tuhuma in yaro ya mutu a can ba. Abin da ya rage sai «rabon kayan tallafi»: a zo da buhunan shinkafa da gero da tabarmi da gidan sauro, a raba, a tafi. Rabo yana da amfani ga mai jin yunwa, amma ba shi ne tafiyar da matsuguni ba.

Tafiyar da matsuguni aiki ne na kullum, kuma ana iya lissafa shi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su, sun sa mafi ƙarancin ruwa lita 15 ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, da rufaffen fili murabba'in mita 3.5 ga kowane kai. Ke nan mutum dubu ɗaya na bukatar lita 15,000 kullum da masai 50. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8 mutum 16 ya kamata ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa leƙa firamaren da aka fake a cikinta ya san nisan da ke tsakanin wannan lissafi da abin da ke ƙasa. Amai da gudawa da ya ratsa jihohin Arewa a 2021, har da Zamfara, irin wannan cunkoso da rashin masai yake nema.

To wa ke biya? Magidancin da ya ba da zaurensa, ya raba hatsin da bai ishe shi ba gida biyu. Matarsa da ke ƙara ruwa a tukunya. Ɗalibin firamare da aka tattara ajinsa da wani, ko aka sallame shi har sai baƙi sun tashi. Mai unguwa da ke kwana yana raba gardama a kan layin famfo. Masallacin unguwa da ke kewaya faranti bayan sallar Isha'i. Da kuma yarinyar da ta biya da mutuncinta saboda babu ƙofa mai sakata a inda take kwana. Waɗannan su ne ainihin masu ɗaukar nauyin matsugunan jama'a a Zamfara, kuma su ne mafi ƙarancin hali a cikin duk waɗanda za su iya biya.

Waɗanda hijira ta rufe

Yawan 'yan gudun hijira ya sa an manta da asalin waɗanda Jadawali na Huɗu ya ambata. Tsohon da ba shi da kowa, mai taɓin hankali da ke kwana a tasha, jaririn da aka tsinta, almajirin da malaminsa ya gudo da shi daga ƙauye, matar da aka kora daga gida da dare. A aikace, gidan marayu da makamantansa ma'aikatun jiha da ƙungiyoyin addini suka ɗauke su, kuma a babban birni suke taruwa. Ƙaramar hukuma tana da sashen walwalar jama'a, da ma'aikata masu karɓar albashi, amma sau da yawa ba ɗakin da za su sauke mutum ko na kwana ɗaya. Rikicin nan kuma kullum yana haifar da sababbin marayu da zawarawa, waɗanda ko an sami zaman lafiya gobe ba su da gidan komawa.

Zamfara tana da wata kafa da jihohi da yawa ba su da irinta. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, an kafa Hukumar Zakka da Waƙafi. Fakirai da miskinai da matafiyin da guzurinsa ya yanke duk suna cikin kashi takwas na masu cin zakka, kuma waƙafin gidan saukar baƙi tsohon abu ne a tarihin Musulmi. Waƙafi ya fi zakka dacewa da matsuguni, domin gini ne da ke tsayawa, ba rabo ne da ke ƙarewa ba. Amma kada a mai da shi hanyar da hukuma za ta zame daga wajibinta. Attajiri na iya ba da fili ko ya gina ɗakuna. Albashin mai gadi da gyaran famfo da kwashe masai, waɗannan na kasafin kuɗi ne.

Abin da wasu suka gwada

Ba sai an je nesa ba. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar kare 'yan gudun hijirar cikin gida a watan Disamban 2018, ita ce ta farko a Afirka da ta mai da Yarjejeniyar Kampala dokar ƙasa. Da dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka ƙasar Maraɗi daga 2019, hukumomin Nijar da hukumar UNHCR ba su kafa musu sansani mai shinge ba. Sun matsar da su nesa da bakin iyaka zuwa ƙauyuka uku, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka gina ruwa da makaranta da asibiti waɗanda 'yan gari da baƙi ke amfani da su tare. Hikimar ita ce mai masauki ya ga ribar saukar da baƙo. Mutanenmu ne, harshe ɗaya, al'ada ɗaya, don haka ba za a ce tsarin baƙon abu ne ba.

Borno ta bi ɗaya hanyar: manyan sansanoni a Maiduguri na tsawon shekaru, sannan Gwamna Babagana Zulum ya fara rufe su daga 2021, abin da ya jawo suka daga masu kare haƙƙin ɗan'adam saboda halin da waɗanda aka sallama suka shiga. Sansani yana da sauƙin buɗewa in ƙungiyoyin duniya na biya, yana da wuyar riƙewa in sun janye, ya fi wuyar rufewa. Arewa maso Yamma kuwa ba ta taɓa samun irin kuɗin agajin da Arewa maso Gabas ta samu ba.

A Ingila, dokar 1977 ta wajabta wa majalisun gari su samar wa iyalai marasa muhalli wurin zama, gwamnatin tsakiya kuma tana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin. A Indiya, Kotun Ƙoli ce a 2010 ta umarci a buɗe gidajen kwana a manyan birane, ɗaya ga kowane mutum 100,000, daga baya shirin ƙasa na 2013 ya zo da kuɗi, hukumomin birane suka riƙe gudanarwa. A duka biyun, wajibi ne da kotu ke iya tilastawa, da kuɗi daga sama, da gudanarwa a ƙasa. Mu muna da na ukun a takarda, babu na farko, na biyun kuma sai an ga dama.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko ba ya cin kuɗi sosai: rajista. Kowane mai unguwa da dagaci ya san baƙin da suka sauka a ƙasarsa, domin wurinsa ake kai su. A ba sashen walwalar jama'a na kowace sakatariya alhakin tattara wannan duk wata, gida-gida da kango-kango, tare da mata a cikin masu rubutawa, don akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. A kiyaye kundin nan ƙwarai, domin a ƙasar da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, jerin sunaye na iya zama makami.

Daga rajista sai gurbi a kasafi. Majalisar Dokokin Jiha ce ke da ikon tsara sha'anin kuɗin ƙananan hukumomi, za ta iya wajabta ware wani kaso na musamman don matsuguni, jiha ta ɗora nata a kai gwargwadon yawan baƙin da kowace ƙaramar hukuma ta sauke. Wannan zai gyara zaluncin ƙidayar 2006 ba tare da jiran Abuja ba. A manna abin da aka karɓa da abin da aka kashe a allon sakatariya, a kuma karanta a rediyo da Hausa.

Ina ganin mafi yawan kuɗin nan bai kamata ya tafi ga sabon gini ba. Rijiyar burtsatse da masai a unguwar da ta sauke baƙi, ƙarin aji da malami a firamarenta, magani a ƙaramin asibitinta, da ɗan tallafi kai tsaye ga gidan da ya ɗauki iyali. Inda ake bukatar gini, kamar Tsafe, a gina zaure babba mai bandakuna da ɓangaren mata mai ƙofa, kusa da jami'an tsaro, wanda za a yi taro ko karatun manya a ciki in babu baƙi, don a daina rufe makaranta duk lokacin da aka kai hari. A yankin bakin birni, Gusau da Bungudu su yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda ke da alhakin kowace unguwa.

Akwai ƙalubale guda da za a jefo wa wannan shawara, kuma mai ƙarfi ne: tallafa wa mai masauki zai buɗe ƙofar sunayen bogi, kansila ya cika kundi da danginsa. Haka ne, zai faru in aka bar kundin a hannun mutum ɗaya. Maganinsa shi ne a sa hannu uku da ba su cika haɗa baki ba: mai unguwa, da limamin unguwa ko wakilin Hukumar Zakka, da wakiliyar da matan 'yan gudun hijirar suka zaɓa da kansu, a kuma karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa kafin a biya ko sisi. A unguwa kowa ya san wanda ya zo daga daji da wanda aka haifa a nan.